Tsakanin Ya da Ta

Ranar Talata aka gano cewa ni mai koyarwar ƙarya ne. Ni ban samu labari ba sai Laraba da safe, ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa.

Sunana Baballe. Ɗan Wusasa ne ni, amma Lafia ta cinye fiye da rabin rayuwata. Ina koyar da Hausa a Kwalejin Bishara ta Dutsen Salama, kan hanyar Kwandere, ko in ce ina koyarwa har zuwa makon nan. Aikina shi ne in karɓi ɗaliban fasto, Eggon da Tiv da Alago da Migili, in gyara musu baki, don kada a tura su ƙauye ɗaurin aure su ce wa amarya "ya" a gaban surukanta. Mutumin Lafia bai damu da wannan ba. A kasuwarmu mace ya zo, akuya ya gudu, mota ya lalace, kuma ciniki bai taɓa tsayawa ba. Ni kaɗai aka ɗauka aiki don in damu.

Na san a wannan shafi kun fi son labarin da ake turare da kwalliya. Ku yi haƙuri. Ni tsoho ne mai ciwon gwiwa, matata ta rasu, kuma turaren da ke gidana na sauro ne. Amma akwai mace a labarin, har biyu ma, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama.

Ta ƙasan ita ce Iveren, matata, 'yar Tiv daga wani ƙauye can bayan Doma. Damina uku ke nan da muka binne ta. Tana da wata addu'a da take yi kullum da safe a bakin ƙofa, jakata a hannunta, kafin ta miƙo mini in tafi aji. Gajeriya ce: "Allah ta riƙe mu, kar ta sake mu." Haka take faɗa, da "ta". Ba ilimin tauhidi ba ne, bakinta ne.

To, ranar Talatar nan ta zo daidai da ranar da ta rasu. Ban gaya wa kowa ba. Na shiga aji na yi darasina, na ja wa mutane jan biro a takardunsu kamar kullum. Da lokacin tashi ya yi na ce a rufe ido. Na buɗe baki zan yi addu'ar da na saba, sai tata ta fito.

Amin bai gama sauka ba wani hannu ya tashi. Orshi ne, mai bishara ɗan shekara arba'in da wani abu, mai 'ya'ya biyar, wanda ya zo kwaleji neman takardar da za ta mai da shi fasto. Ba mugun mutum ba ne. Tun farkon zango nake ja masa layi a kan "ya" da "ta", ga shi yau Allah ya kama masa malam.

"Malam, Allah ta, ko Allah ya?"

Mai hankali zai ce tuntuɓen harshe ne, a yi dariya a watse. Ni kuwa baƙar magana ce ta fara samun hanya. Na ce, "Orshi, in ka je ka gani, ka dawo ka gyara mini."

Ashe akwai waya a buɗe a bencin baya. Har yau ban san ta wa ba ce.

Bidiyon bai kai tsawon atishawa biyu ba. An yanke darasin, an yanke fuskata lokacin da na juya ina goge allo da ba komai a kansa. An bar addu'ar da amsar. A sama aka rubuta da manyan baƙaƙe: MALAMIN KWALEJIN BISHARA YA CE ALLAH MACE CE. Kafin ruwan shayina ya tafasa saƙonni sun cika wayar, tana ta rawa a kan tebur kamar an yanka kaza.

Na zauna na karanta, don ni mutum ne mai son karatu. Wani ya ce na sha kuɗin Turawa. Ina roƙonsa ya nuna mini inda suka ajiye. Wani ya ce dama ya daɗe yana ganin alama, domin ban cika ɗaga hannu a lokacin waƙa ba. Wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba ta rantse cewa na taɓa koyar da ɗanta, kuma tun daga lokacin yaron ya daina cin abinci. Wanda ya fi burge ni shi ne wani dattijon ikilisiya da ya rubuta, "Tun da matarsa ya mutu kansa ba daidai ba." Na kalli wannan "ya" na daɗe. Yatsana har ya tafi zai gyara.

Da hantsi aka cire ni daga zauren wasap na malamai. Wanda ya cire ni, ni na rubuta masa jawabin da ya karanta a jana'izar mahaifinsa. Da azahar aka sauke ɗan littafina na nahawu daga kantar laburare, wai har sai an bincika ko akwai guba a ciki. Ina musu fatan alheri. Shekara da shekaru ina neman wanda zai karanta littafin nan daga farko zuwa ƙarshe.

Abin da ya kamata ku sani game da kwalejinmu shi ne, mu masoya 'yancin magana ne. A zangon da ya wuce muka yi babban taro a kai, da rumfa da lemon kwalba. Shugabanmu, Rabaran Dakta Tavershima, ya tsaya cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka a zafin Lafia, gumi na bin farar kwalarsa, ya yi kuka da yadda ake toshe bakin masu bi a manyan makarantun duniya. Ya ce makarantar da malami ke tsoron buɗe baki kabari ce mai allo. Mun tafa har hannu ya yi zafi. Ni ma na tafa. Ashe 'yancin na wanda zai faɗi abin da muka riga muka yarda da shi ne, da irin muryar da muka saba ji.

Abokan aikina ba su zage ni ba, kada in yi musu ƙarya. Sun dai gano cewa hanyar bayan ɗakin sujada ta fi kusa da ko'ina. Ɗaya ya turo mini saƙo cewa yana tare da ni a ruhu, sannan ya roƙe ni in goge saƙon. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma kowa na da 'ya'ya a makaranta.

Da yamma Yaya Saratu ta kira daga Wusasa. Ita ce babbarmu, ita ta goya ni, kuma har yau ba ta yarda na sauka ba. Ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ba. Ta ce tun muna yara Baba ke cewa bakina ne zai yanka wuyana. Ta ce harafi ɗaya ne, in je in durƙusa in mai da shi inda yake. Daga nan ta sauka a tashar da take sauka kullum: duk wannan rashin mace ne. Namijin da ke cin burodi da shayi safe da dare dole wata rana ya yi saɓo. Da na auri Madam Ashezi tun bara da ta ce, da yanzu bakina na cike da tuwo, ba wurin baƙar magana.

Ga mace ta biyu ke nan, ta saman.

Madam Ashezi sakatariyar ofishin shugaba ce. 'Yar Eggon, haifaffiyar Lafia, mijinta ya rasu a hatsarin mota tun 'ya'yanta na firamare, ta rene su ita kaɗai da albashin kwaleji da sayar da riɗi. Tare suke zumuntar mata da Iveren, benci ɗaya. Yaya Saratu ta gan ta sau ɗaya a jana'iza tana raba abinci ba tare da ta zubar ko ta yi faɗa da kowa ba, ta yanke hukunci a wurin. Tun daga nan duk Alhamis sai kula ta iso gidana. Ni ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba. Ina dai wanke kular in mayar, wani lokaci da lemo a ciki. Ku kira shi abin da kuka ga dama.

Wannan Alhamis ɗin na ɗauka ba za ta zo ba. La'asar sakaliya sai ga ta, ta ƙofar gaba, a idon duk matan kwatas da suka fito shara a lokaci ɗaya kamar an buga musu ƙararrawa. Atamfa ce a jikinta mai ganye-ganye shuɗi, ɗaurin kallabi ƙarami na ranar aiki, gilashinta rataye a wuya da igiya. Ta ajiye kular a kan tebur, wake da riɗi da manja. Ta kalli kujerar da zanen Iveren mai ratsin baƙi da fari yake shimfiɗe, ta wuce ta, ta jawo kujerar roba ta zauna. Kullum haka take yi. Ban taɓa gaya mata cewa na lura ba.

Ta ce gobe Juma'a kwamitin horo zai zauna, kuma ita za ta riƙe biro. Ta ce an riga an buga takardar tuba, da hannunta ta buga. Idan na yarda zan karanta ta ranar Lahadi a gaban ikilisiya, zan yi zango ɗaya a bencin baya in koma aji. Idan na ƙi, aiki ya tafi, gidan nan ma ya tafi, tunda na kwaleji ne.

Na dubi gidan. Ba wani gida ba ne. Ɗaki biyu, silin ya yi taswirar ruwan sama, famfo yana aiki idan ya tuna. Amma turmin sakwararta na bayan ƙofa inda ta bar shi, kuma bakin ƙofar nan ne take tsayawa da jakata.

Na tambaye ta me takardar ta ce. Ta sa gilashi ba don tana bukata ba, ta faɗa mini da ka. Wai in shaida cewa kalmar da ta fito daga bakina ba ta Ruhu ba ce, daga uban ƙarya ta fito, kuma ina ƙin ta da duk wanda ya koya mini ita.

"Addu'ar Iveren ce," in ji ta. "Duk zumunta mun san ta. Mun sha yi mata dariya, ita ma tana yi. Ka gaya musu, Malam."

Na ce in mata talatin sun sani, me ya hana ɗaya ta buɗe baki. Ta ce mazajensu na cin abinci a kwaleji. Na ce to ni ba zan jefa sunan matata a ƙarƙashin bidiyon nan ba, inda masu manyan yatsu za su yi ta tattaka shi. Sun ce kaina ba daidai ba, na ji. Gobe su ce ita ce ta kawo mini aljani daga Doma.

Ta gyara murfin kula. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Iveren ba ta taɓa jin kunyar bakinta ba. A gaban bishop ma haka take magana. In akwai mai jin kunya a gidan nan, ba ita ba ce."

 Na raka ta bakin ƙofa. Matan kwatas har yanzu suna shara, ƙasar wurin ta kusa ƙarewa.

Juma'a na sa babbar rigata fara, wadda na sa ranar yaye ɗalibai, da hular da Iveren ke cewa tana sa ni kama da alƙali. Na yanke shawara a hanya: zan faɗa. Ba don su ba. Zan faɗa daga farko, a tsanake, yadda ake darasi.

Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, fanka na juyawa a sama tana raba zafi daidai wa daida. Rabaran Tavershima a tsakiya. Madam Ashezi a gefe da littafinta, ba ta dube ni ba. Aka buɗe da addu'a mai tsawo, inda aka roƙi Ubangiji ya tone kyarkeci daga cikin tumaki, don kada in yi zaton an riga an yanke hukunci.

Aka kunna bidiyon, aka sake kunnawa. Rabaran ya tambaya ko muryata ce. Na ce tawa ce, sai dai waya ta ƙara mini hanci. Ba wanda ya yi dariya. Ya ce shi kansa ya san ni, ya san ba na shan giya, ba na bin mata, ba na jayayya da ikilisiya sai a kan waƙafi. Amma maganar ta fi ƙarfinsa. Iyaye na kira. Ikilisiyoyin da ke aiko mana ɗalibai na kira. Masu tallafa mana na kira. Wani ma ya ce zai zo da matasa su yi addu'a a ƙofar kwaleji, kuma kowa ya san irin addu'ar da ake zuwa da ita a bayan a-kori-kura. Ya ce dole a ba mutane wani abu. Na fahimta. Ni ne wani abun.

Na ce ina neman izini in yi bayani.

Ya ce tsarin kwamiti bai tanadi bayani ba, bayani shi ke kawo gardama, gardama kuma ita ta kawo mu nan. Tambaya ɗaya ce, amsarta e ko a'a. Ya turo takardar ta kan tebur har ta taɓa hannuna.

Na tuna masa kabari mai allo. Ya ce wancan taro ne, wannan zama ne.

Sai na miƙe. Gwiwata ta yi ƙara, kowa ya ji. Na ce, "Ranka ya daɗe, matata..."

Ya ɗaga hannu. Kuma wallahi da tausayi ya ɗaga shi, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"Malam Baballe, Madam ya huta. Ka bar shi ya huta. Kar ka sa shi cikin wannan magana."

Madam ya huta. Ka bar shi. A gaban dattawa huɗu, a ɗakin da ake shari'ar harafi ɗaya, shugaban kwaleji ya mai da matata namiji sau huɗu a numfashi guda. Na duba hagu, na duba dama. Ba waya a buɗe. Ba wanda zai wayi gari ya ga an rubuta cewa Rabaran ya ce matan aure maza ne. Kowa ya gane abin da yake nufi, domin kowa ya so ya gane. Biron Madam Ashezi ya tsaya cak a kan takarda.

Ya sake tambaya, zan karanta ko ba zan karanta ba.

Na dubi layin nan na ƙarshe, ina ƙin ta da duk wanda ya koya mini ita. Na mai da takardar yadda ta zo, ta kan tebur, har ta taɓa hannunsa. Na ce akwai waƙafi da ya ɓata a layi na biyu, kuma a'a.

Aka rufe da addu'a. An ba ni zuwa ƙarshen wata in kwashe kayana.

Yanzu ina zaune a falo, kwalaye biyu da na roƙo a shagon Luqman mai kayan masarufi suna gabana, ban sa komai a ciki ba. Yaya Saratu ta kira har ta gaji, ta koma aiko murya, ban buɗe ba. Orshi ya zo ɗazu ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce shi tambaya kawai ya yi. Na ce na sani, kuma tambayar mai kyau ce, ya ci gaba da yin irinta, amma ya riƙa duba bencin baya.

Saƙo ɗaya na buɗe. Madam Ashezi ce. Ta rubuta: "Na rubuta 'matata' na tsaya. Ban rufe littafin ba. Me za ka ce?" Ƙasa da shi kuma: "Kular tana wurinka. Kar ka aiko yaro, ka kawo da kanka."

Na fara amsa na goge, na fara na goge. Ban san ko zan kai kular ba. Ban san me ake sawa a kula idan lemo ya yi kaɗan ba.

Amma ga abin da na tashi faɗa, tunda ku ba ku da hannun da za ku ɗaga mini.

Ni na koya mata. Makon farko na aurenmu, tana daka a tsakar gida, na ce mata Hausa ba wuya: kalma in ta ƙare da "a", yawanci mace ce. Riga, kaza, rana, gona. Ta maimaita tana dariya. Washegari ta tsaya a bakin ƙofa da jakata, ta yi addu'ar nan, ta ɗago ido ta ce, "Daidai, Malam?" Ƙa'idata ta bi, ba ta kauce ko kaɗan ba, tunda a kunne sunan Allah da "a" yake ƙarewa. Na ce mata ana dubawa. Ya zama wasanmu. Duk safiya ta tambaya, duk safiya in ce ana dubawa, ta ce wannan malami bai iya maki da sauri ba. Na gyara mata kasuwa, na gyara mata gaisuwa, na gyara mata har zagi. Wannan kaɗai na bari, don ban taɓa jin an kira Allah da kusanci irin haka ba.

A asibiti, safiyar ƙarshe, ba ƙofa ba jaka, amma ta yi ta. Muryar da ƙyar take fita. Ta tambaya kamar kullum. Na sunkuya zan ba ta amsa ta gaskiya, sai nas ta ce in ɗan fita za su juya ta. Na fita. Da aka ce in shigo, ba wanda zan gaya wa.

Shi ya sa ba zan tsaya a gaban ikilisiya in ja mata jan biro ba, ko da gidan nan na zinariya ne.

An gama dubawa, Iveren. Daidai ne. Tun ranar farko daidai ne.